Amsa kan yaran da za a nuna wa shafin farashin hatsi

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ku yi haƙuri da ƙarar nan, ina bakin injin niƙa ne, a nan kaɗai sabis yake kamawa a garinmu. Ƙanena, na saurari muryarka. Ka ce yara shida masu karatun kwamfuta a Kazaure sun dawo hutu, kana so ka gabatar musu da shafinmu na farashin gero da riɗi da zoɓo, wai a turo maka silayid. To ni dai abin da kunnena ya jiyo shi ne kana tambayar me ya sa yaran bara suka watse. Shi zan amsa.

Sun watse ne saboda wa'azi muka yi musu. Ni kaina ina cikin masu laifin. Muka zaunar da yara awa biyu, ana ta Linus Torvalds ya fara babbar manhajar kwamfuta ta Linux a 1991, ya ƙirƙiro Git mai bin sawun gyaran kod a 2005, Microsoft ta sayi GitHub, dandalin ajiye kod, a 2018. Duk gaskiya ne, amma yaro ya tashi bai taɓa ko maɓalli ɗaya ba. Wa ya taɓa koyon huɗa a kan tabarma?

Ranar farko, abu ɗaya: shafin ya tashi a laftof ɗin yaro, ya buɗe burauza ya ga farashin kasuwar Maigatari da idonsa. Kuma don Allah kar ka ce kowa ya sauke da datarsa. Wannan npm install ɗin kaɗai, wato umarnin sauke kayan da shafin ke buƙata kafin ya tashi, yana iya jan ɗaruruwan megabayit, yaro ya sayi data ta kwana ɗaya, sabis ya yanke a tsakiya, kuɗi sun tafi, gobe ba za ka gan shi ba. Ka sauke komai sau ɗaya in ka shiga Ringim ko Gumel, ka zuba a filas, su kwafa. A tanadi man janareta tun da wuri.

Au, na tsallake wani abu. Kafin ma wannan, README ɗinmu, wato takardar bayanin yadda ake tayar da shafin. Wallahi abin kunya ne, layi uku ne, kuma biyu daga ciki sun daina aiki. Ka ba wanda bai san aikin ba ya bi shi daga farko, kai kuma ka kama bakinka kana kallo. Duk inda ya tsaya yana sosa ƙeya, nan ne gyara. A rubuta da Hausa da Turanci. Ai gyaran ma shi ne aikin farko da za ka ba ɗaya daga cikinsu.

Ayyukan farko su zama ƙanana ƙwarai. An rubuta Gujungu ba daidai ba a shafi na biyu, wani ya gyara. A ƙara cewa Maigatari ranar Alhamis take ci, Gujungu Lahadi. Maɓallin nan da yake ɓuya a ƙaramar waya. Ka liƙa musu alamar good first issue, wato aikin da ya dace da sabon shiga, a GitHub. Wanda ba shi da laftof ma zai iya gyara rubutu ta burauzar wayarsa, ya tura buƙatar a haɗa gyaransa.

To a nan ne fa nake da ciwo. Ni gyarana na farko a wani aiki, ba zan faɗi sunansa ba, kwana uku na yi ina fama, har da zuwa shagon caji da daddare ina jiran batir. Na tura. Shiru. Wata huɗu cur babu ko sannu. Ranar da mutumin ya waiwayo sai ya rufe shi kawai, ya rubuta kalma ɗaya wadda sai da na duba ƙamus. Kalma ɗaya fa! Kusan shekara na yi ban sake tura komai ba, ina ganin kaina ne babu ja. Ashe shi ne bai iya karɓar baƙo ba. Har yau in na tuna... bari dai. Abin da nake nufi, in yaro ya turo gyara, ka amsa cikin kwana biyu, ko da "na gani, madalla, gyara layi na tara" ne. In ka haɗa, ka sanar a guruf da sunansa.

Batun lasisi kuma, tabbas wani zai tambaye ka: "Yaya, in na sa wahalata wani ya ɗauka ya sayar fa?" Kar ka yi masa kwana-kwana. Namu lasisin MIT ne, kowa na iya ɗauka har ya ci kasuwa da shi, muddin ya bar takardar lasisin da sunan masu haƙƙi. Lasisin GPL, irin na manhajar gina shafuka ta WordPress, shi ne yake tilasta wa wanda ya gyara ya rarraba ya buɗe nasa kod ɗin. Da na so mu koma GPL, amma wannan rigimar wata rana ce.

Ka ce shida ne ko? In biyu suka tsaya har Oktoba, sai mu sa su a Hacktoberfest, bikin tura gyara ga ayyukan buɗaɗɗen kod da ake yi a watan. Wa ke da filas mai giga 16 ya ara wa ƙanena kafin Asabar? Nawa yana wurin surukina tun Sallah.