Ga ƙanwarmu mai son bin hanyar bincike a biyoshimi daga Maraɗi

Assalamu alaikum. Ƙanwata, na ga tambayarki, na bari sai da na samu natsuwa. Kin ce kina shekara ta uku ta lisans a nan Maraɗi, biyoshimi kike so, amma labarin biyofizik da biyoloji santetik ya ɗauki hankalinki. Kina son zama malamar jami'a mai bincike, ba ki san wanne za ki kama ba, a gida kuma ana cewa ki nemi aikin labo a asibiti ki huta. Hanyar nan na biyo har na fara koyarwa, ga abin da na gani a kanta.

Kada sunayen fannonin su raba miki hankali, sau da yawa tambaya ɗaya ce ake zagayawa ta ƙofa uku. Ɗauki ciwon sikila, wanda babu unguwar da ba a san shi ba a garin nan. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa hemogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar oksijin a jini, na mai sikila ya bambanta da na sauran mutane. Bayan ƴan shekaru Vernon Ingram ya gano cewa amino asid guda ɗaya tak, cikin tubalan da ke gina furotin ɗin, ce ta sauya, balin ta zauna a gurbin gulutamik asid a wuri na 6 na sarƙar beta. Wannan biyoshimi ne. Me ya sa idan iskar oksijin ta yi ƙasa ƙwayoyin hemogulobin ɗin suke mannewa da juna, su yi zare mai tauri har jar ƙwayar jini ta lanƙwashe ta koma lauje, kuma cikin wane sauri? Mai biyofizik ke auna wannan, da haske da lissafi. A ƙarshen 2023 kuma Ingila da Amurka suka amince da Casgevy, maganin da ke amfani da CRISPR, dabarar yanka DNA a gyara ta, ya farfaɗo da hemogulobin irin na jariri a jikin majiyyaci. Nan an shiga sashen masu gyara halitta da ƙera ta, wato biyoloji santetik. Kuɗinsa ya haura dala miliyan 2 ga mutum ɗaya, wannan ma wani abin tunani ne ga ɗan Nijar da ke son fannin.

Abin da ke ƙarƙashin dukkansu abu biyu ne, hannu da lissafi. Hannu shi ne ki iya riƙe pipet ki auna sau goma ki samu abu ɗaya, ki haɗa ruwan gwaji da pH ɗin da aka ce, ki yi PCR, wato ninka guntun DNA, ki karanta sakamakon a jel ba tare da kin yaudari kanki ba, ki rubuta komai a littafin labo ranar da kika yi shi. Lissafi kuwa, na san da yawa daga cikinmu gudunsa ne ya kawo mu biyoloji. To babu mafaka. Saurin aikin anzim, tamodinamik, istatistik, duk suna jiranki, kuma biyofizik ba ta karɓar wanda ya tsani fizik. Ki fara koyon Python ko R, harsunan shirya lissafi a kwamfuta, tun bana, ko da a tsohuwar kwamfuta ce.

Tsanin kansa kin san shi a takarda: lisans shekara 3, masta 2, doktora 3. A zahiri ki ƙara masa, domin shekarar karatu kan ja, kuɗi kan tsaya, gwaji kan ƙi. Bayan doktora mafi yawan masu son waɗannan fannoni sukan ƙara ƴan shekaru a labon wani kafin su tsaya da ƙafafunsu. Idan aka ɗauke ki aiki a jami'a, hawa matakai yana bin ta CAMES, hukumar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka da aka kafa a 1968 mai mazauni a Wagadugu: asistan, metir-asistan, metir-da-konferans, sannan cikakkiyar farfesa. Abin da suke dubawa a dosiyarki shi ne maƙaloli nawa kika buga, a wace mujalla, ɗalibai nawa kika raina. Shi ya sa nake jan kunnen matasa kan mujallun nan da ke turo saƙo su ce ki biya a buga miki cikin mako guda. Kuɗinki ya tafi, aikinki ya shiga inda ba mai karanta shi.

Kafin masta, ki nemi istaj, wato zaman koyon aiki a labo. Ba sai kin yi nisa ba. Cibiyar binciken noma ta INRAN tana nan Tarna. Epicentre, sashen binciken cututtuka na ƙungiyar likitocin MSF, na da cibiyar bincike a Maraɗi, su ne suka gudanar da gwajin rigakafin zawon yara na Rotasiil a yankin Madarumfa, wanda aka buga sakamakonsa a 2017, kuma abin da ya sa duniya ta kula da shi shi ne rigakafin yana jure zafi. A Yamai akwai cibiyar binciken lafiya ta CERMES da Jami'ar Abdu Mumuni, ga cibiyar binciken amfanin gona ta ICRISAT a Sadore. Ko wankin kwalabe aka ba ki da farko, ki karɓa, ki buɗe ido. Wata uku a labo mai aiki zai gaya miki ko kina son wannan rayuwa fiye da duk bidiyon da kika kalla.

Sai batun Ingilishi. Mu da muka yi karatu da Faransanci mukan ɗaga shi har sai ya zame mana dole, alhali kusan duk maƙalar da za ki karanta da wadda za ki rubuta da shi ne. Mu ƴan Maraɗi ma ba mu da uzuri, Kano ta fi mana Yamai kusa. Sashen biyoshimi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ya yi suna, can marigayi Farfesa Andrew Nok ya yi aikinsa kan ƙwayar cutar sammore. Cibiyoyin binciken ƙwayoyin cuta kuwa, a Gana akwai WACCBIP a Legon, a Ede ta Najeriya akwai ACEGID, ga Cibiyar Pasteur ta Dakar. Waɗannan wurare suna horar da ɗaliban Afirka ta Yamma da kayan aiki na gaske, kuma masta ko doktora daga can tana buɗe ƙofar waje fiye da yadda mutane ke zato.

Idan kin zo doktora, malami za ki zaɓa, ba sunan jami'a ba. Kafin ki amsa wa kowa, ki tambayi ɗalibansa a gefe: su nawa suka gama, cikin shekara nawa, ina suke yanzu, yana karanta abin da aka ba shi ko sai an yi ta sintiri, yana da kuɗin aikin a hannu ko alkawari ne. Na ga masu ƙoƙari da suka tsufa a kan tez, wato kundin doktora, saboda sun ji kunyar yin waɗannan tambayoyi. Tsarin da na fi yabawa shi ne na malami biyu, ɗaya a gida ɗaya a waje, ki yi wasu watanni can inda injuna suke, ki dawo nan inda samfur da tambaya suke.

Yanzu ga inda nake son ki tsaya da kyau. A wani labo da na yi aiki, wuta ta ɗauke cikin zafin Afrilu, janareta bai tashi ba, firizar da ke riƙe sanyin digiri 80 ƙasa da sifili ta narke, samfurin da aka tara damina guda ya lalace. Anzim da kika yi oda kan yi watanni a hanya, wani lokaci ya iso ƙanƙararsa ta narke, ya mutu. Wannan ba dalilin fasawa ba ne, dalilin zaɓen tambaya da hankali ne. Wanda ya koyi aikin da ba ya yiwuwa sai da madubin ilektoron na miliyoyin daloli, ran da ya dawo gida sai ya zama mai ba da labari a aji. Har yau babu sinkorotoron, katafaren injin da ke samar da hasken X mai ƙarfi, ko ɗaya a duk nahiyar Afirka, masu nazarin siffar furotin sai sun aika kiristal ɗinsu wurare irin su Gironobul a Faransa. Amma wani ɓangare na biyofizik ya zo mana har gida. Rumbun PDB na siffofin furotin da aka auna kyauta ne, rumbun AlphaFold ya ƙunshi siffofin furotin sama da miliyan 200 da kwamfuta ta hasaso, kyauta, manhajar GROMACS mai kwaikwayon motsin furotin ma haka. Aikin hasashen siffar furotin da ƙera sababbi ne ya ci kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2024.

Sai dai akwai rami biyu a nan, kuma ɗalibanmu na faɗawa cikinsu kullum. Na farko, a tsinko ganye, a jiƙa shi a metanol, a yi gwajin launi guda, a rubuta cewa yana da amfani. An yi irin wannan sau dubu, ba a ware sinadarin ba, ba a san yadda yake aiki ba. Na biyu ɗan'uwansa ne na zamani: a ɗora sinadari kan furotin a kwamfuta, a samu lamba mai kyau, a ce an gano magani. Kwamfuta hasashe take yi. In ba wanda ya gwada shi a kwalba, ba a gano komai ba tukuna. In za ki bi ta kwamfuta, ki haɗa kai da mai labo tun ranar farko.

Tambayoyin da suka cancanci shekarunki suna kewaye da ke. Gubar afalatoksin da fumfuna ke zubawa a gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Sauye-sauyen da ke sa ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ta bijire wa maganin rigakafin da ake ba yara da damina. Tsutsar da ke cin wake, wadda saboda ita aka fitar da irin SAMPEA 20-T a Zariya a 2019. A biyoloji santetik kuwa, abin da ya fi burge ni ba yis ɗin da Jay Keasling ya sa ya riƙa samar da tushen atimisinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, ba ne. Kamfanin Sanofi ya fara haɗa shi a 2013, amma ya kasa ture na ganye, ɗan'uwan tazargade, a kasuwa. Wanda ya dace da mu shi ne aikin su James Collins na 2014, inda suka busar da kayan cikin ƙwayar halitta a kan takarda, ya zama ɗigon ruwa ne ke tayar da gwajin, babu buƙatar firiji, har suka gwada shi kan cutar Zika a 2016. Ki yi tunanin irin wannan a wata likita ta ƙauye a Dakoro.

Kuɗin karatu kuma, bayan ANAB, hukumar bus ta Nijar, ki riƙa leƙa shafin TWAS, mai tallafa wa masu bincike na ƙasashe masu tasowa, ki kuma san OWSD, wadda ta mata masu kimiyya ce zalla, an yi ta ne don irinki. Sharuɗɗansu kan sauya, ki karanta da kanki kowace shekara.

Maganar gida ba na raina ta. Baba ba ƙin karatunki yake ba, lissafi yake yi, kuma lissafinsa daidai ne: aƙalla shekara biyar a gaba, kuɗin shiga kaɗan, tafiya nesa. Ki faɗa masa haka ƙarara, kada ki yi masa alkawarin shekara biyu. In da hali ki roƙi wani malaminki da yake ganin girmansa ya je su zauna. Aikin labon asibiti ba ƙasƙanci ba ne, yana gyara hannu, amma wadda ta shiga da niyyar dawowa masta bayan shekara guda ba kasafai take dawowa ba. Batun aure ma haka, ba ya hana doktora, na san waɗanda suka yi sutnans, wato kare kundinsu gaban malamai, da goyo. Abin da ke hanawa shi ne a bar maganar tafiyar wata shida sai bayan an ɗaura.

A bana ki gyara makinki na fizik da istatistik, ki riƙa karanta maƙala ɗaya ta Ingilishi duk mako, ki rubuta wa labo biyu ko uku wasiƙar neman istaj, gajera, wadda ta nuna kin karanta aikinsu. In kin rubuta, turo min in duba kafin ki aika. Ki gaida su Baba.