Ƙaramin fayil, fanka na kuka

Yarona, jiya ka tare ni da tambaya muna tsakiyar aiki: "Oga, bidiyon da na naɗa na allon kwamfuta ko gigabait ɗaya bai kai ba, amma ina saka shi a manhajar tacewa sai fanka ta hau kuka, hoto yana ta tsalle. Kodek ne, ko kwamfutar ce ta tsufa?" Ban samu sukunin amsa maka ba, to saurara.

Kwamfutar ba ta da laifi, ƙanƙantar fayil ɗin ce ta jawo maka. Kodek shi ne hanyar da ake matse bidiyo cikin fayil. Kodek ɗin H.264, wanda ya fito a 2003, ba ya ajiye kowane firam, wato kowane hoto na cikin bidiyo, cikakke. Hoto ɗaya yake ajiyewa cikakke, na bayansa kuwa sai ya rubuta abin da ya sauya kawai: kibiyar linzami ta matsa nan, harafi ɗaya ya ƙaru can. Allon kwamfuta yawancinsa a tsaye yake, shi ya sa fayil ya matse haka. Mai kallo daga farko zuwa ƙarshe ba zai ji komai ba. Mu masu tacewa ne ba ma bin layi, mu ja baya, mu zabura gaba, mu yanka a tsakiya. Duk inda ka tsaya, dole forosesa ta koma kan cikakken hoton da ya gabata, ta bi sauye-sauyen ɗaya bayan ɗaya har ta iso wurinka. Shi x264, manhajar da ke matse bidiyo zuwa H.264, in ba a taɓa saitinsa ba, yakan bar tazarar da ta kai firam 250. A firam 30 cikin daƙiƙa, sama da daƙiƙa 8 ke nan take sake ginawa don ta nuna maka hoto guda.

H.265 na 2013 da AV1 na 2018 sun fi matsewa, don haka sun fi nauyi, sai dai in kwamfutar tana da sashen da aka ƙera don karanta su. Tamu ta shago ba ta da na AV1, kada ka kai ta can.

Kodek na tacewa daban ne: ProRes na Apple da DNxHR na Avid. A cikinsu kowane firam da ƙafarsa yake tsaye, ko ina ka danna hoto ya fito nan take. Kuɗin da ake biya wurin ajiya ne. ProRes 422 a 1080p, firam 30, yana cin kusan gigabait 66 a awa ɗaya. Ni a ganina wannan ɓarna ce a kan bidiyon koyar da Excel. ProRes Proxy, mafi ƙanƙantar nau'insa, ya ishe mu, wajen gigabait 20 a awa. Ka juya kwafin bidiyon zuwa shi, ka yi yanke-yankenka a kansa, in ka zo fitarwa manhajar ta koma kan na asali, rubutu ya fito tas.

Gyara kuma tun daga naɗa yake farawa. A OBS, manhajar naɗar allo, ka sa tazarar cikakken hoto ta zama daƙiƙa 1. Ka miƙa matsewar ga sashen kwamfuta da aka ƙera don matse bidiyo, NVENC in katin Nvidia ne, ko Quick Sync in Intel ce, forosesa ta ji da manhajar da kake nunawa. In da waya aka naɗo maka allo, ka duba yawan firam, don sau da yawa hawa da sauka yake yi, murya ta riƙa wuce hoto. Ka mayar da shi tsayayye kafin ka taɓa shi.

Sai naɗa a MKV, wani nau'in fayil na bidiyo kamar MP4, kuma wannan ina roƙonka ka riƙe shi. Na taɓa naɗa wa wani malami darasi na minti 40 a MP4, saura kaɗan mu gama aka ɗauke wuta. Fayil na nan da nauyinsa, amma ya ƙi buɗewa, saboda MP4 na gargajiya sai a ƙarshe yake rubuta jadawalin abin da ke cikinsa. Har yau ina tuna yadda malamin ya cire hularsa ya riƙe a hannu bai ce uffan ba. Da MKV ne, abin da aka naɗa kafin wutar ta tafi yana nan, kuma OBS da kansa yana juya shi zuwa MP4 ba tare da sake matsewa ba.

Gobe ka zo da fayil ɗin a filashi. Za mu juya shi da FFmpeg, manhajar juya bidiyo, mu jera su biyun a manhaja, ka ja kowanne da hannunka kana sauraren fankar.