Hukuncin Karɓo Karen Kiwo Daga Gidan Dabbobin da Aka Yasar

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a arewacin Ingila, ina kiwon tumaki kusan arba'in a wani fili da na kama haya a bayan gari, 'yan'uwa suna saye don layya da suna. Tattaro su ni kaɗai yana ba ni wuya. Na ga wani kare irin na Border Collie a gidan da ake ajiye dabbobin da aka yasar. Mai shi na farko ya kawo shi ne saboda ya yayyaga masa kujeru, ba ya zama wuri ɗaya. Sun ce sai na biya wani kuɗi, kuma an riga an dandaƙe shi. Uwargidana ta ce ba za a kawo mata najasa gida ba. Wani abokina da ke zaune a bene a cikin gari shi ma yana son ya karɓi irinsa, don tausayi kawai. Mene ne hukuncinmu?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, hukuncinka daban, na abokinka daban, ko da yake gida ɗaya za ku je ku karɓo.

Kai ya halatta gare ka. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya riƙi kare, in ba na farauta ko na dabbobi ba, za a rage masa kiraɗi biyu (kiraɗi wani ma'auni ne na lada) daga ladansa kullum. A ruwayar Abu Huraira an ƙara da karen gona, aka ce kiraɗi ɗaya. Ibn Abi Zaid ya bi wannan a Risala: ba a riƙe kare a gidajen birni ko na ƙauye sai don shuka, ko don dabbobin da zai raka daji ya dawo tare da su, ko don farautar neman abinci. Tumakinka arba'in su ne hujjarka.

Kuma wannan karen da ka ambata ba a samar da irinsa don komai ba sai kiwo. Asalinsa daga kan iyakar Ingila da Sikotland ne, sunansa ma daga nan ya samo shi, kuma tun a 1873 aka yi gasar karnukan kiwo a garin Bala na ƙasar Wels. Wanda ya taɓa kallonsa yana aiki ya san abin da nake faɗa. Zai yi ƙasa da kai, ciki ya kusa taɓa ciyawa, ya kafe tumaki da ido, ya yi musu babban zagaye ya koro su gaban makiyayi, da fito ɗaya kuma ya kwanta cak. Kujerun da ya yayyaga ba mugunta ba ce. Dabba ce da Allah ya zuba wa ƙarfi da basira, aka kulle ta a ɗaki daga safe zuwa dare. Irinsa idan ya rasa garke sai ya koma tattara yara, ko bin motoci, ko cizon dunduniyar masu wucewa.

A nan nake so ka tsaya ka yi tunani sosai, domin yawancin masu tambaya najasa suke tsoro, ni kuwa haƙƙin dabbar ya fi ba ni tsoro. Annabi ya ba da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa: ta ɗaure ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Ya kuma ba da labarin mutumin da ya sauka rijiya, ya cika huffinsa da ruwa, ya riƙe da baki ya hauro, ya shayar da kare mai lallage don ƙishi, Allah ya gafarta masa. Da sahabbai suka tambaya ko akwai lada a kan dabbobi, sai ya ce akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta. Ranar da ka sa hannu a takardarsu, ya zama amana a wuyanka: cinsa, shansa, maganinsa, wurin kwana mai kare shi daga sanyin ƙasar nan, da kuma aikin da zai gajiyar da shi kullum. In nufinka ka ɗaure shi jikin shinge, ka riƙa leƙa shi sau biyu a mako, to ka bar musu shi. Ka kuma sani ba kowane irinsa ne ya iya kiwo ba tun farko. Wanda ya tashi a falo sai an koya masa, da haƙuri, ba da sanda ba. Koya wa kare aiki abu ne da Alƙur'ani ya ambata a aya ta 4 ta Suratul Ma'ida. Kafin ya ƙware kada ka sake shi kusa da dabbobin maƙwabta, domin ɓarnar da ya yi saboda sakacinka kai za ka biya.

Maganar uwargida kuwa, tana da gaskiya ta wani ɓangare. A mazhabar Malik kare mai rai tsarkakakke ne, jikinsa da yawunsa, kuma wanke ƙwarya sau bakwai idan ya yi lallagi a ciki bin umarni ne kawai, ba don najasa ba. Shafi'i da Ahmad suna ganin najasa ce mai nauyi. Don haka idan ya shinshine ka a fili, lokacin salla ya yi, sallarka ta inganta a mazhabarmu, kada waswasi ya kama ka. Amma shigo da shi cikin ɗakuna wani abu ne daban, saboda hadisin Abu Ɗalha cewa mala'iku ba sa shiga gidan da akwai kare ko hoto. Wasu malamai sun cire karen da aka yi izinin riƙewa, Nawawi kuwa ya ce hadisin ya game kowane kare. Me zai kai ka cikin saɓani alhali kana da fili? Gina masa ɗaki kusa da garke ko a bayan gida, ware masa kwanonsa, ka kwantar wa iyalinka hankali.

Kuɗin da suka nema ba zai hana ka ba. Hani ya tabbata a kan kuɗin kare a hadisin Abu Mas'ud, kuma mashhurin mazhabar Malik shi ne ba a sayar da shi, ko da yake Sahnun, ɗaya daga malaman mazhabar, ya halatta sayar da wanda aka yi izinin riƙewa, Hanafiyya ma haka. Abin da irin waɗannan gidaje ke karɓa galibi na abinci ne da allura da magani da suka kashe a kansa, sai ka ba su da wannan niyya. Dandaƙar da aka yi masa kafin ya zo hannunka ba ta kanka.

Abokinka, Allah ya saka masa da alheri a kan tausayinsa, amma ban ga halacci gare shi ba. Ba shi da garke, ba shi da gona, ba ya farauta, bai kuma ambaci tsoron ɓarayi ba, wanda malamai da yawa suka yi ƙiyasinsa a kan ukun nan. Mutumin rijiya shayarwa ya yi, hadisin bai ce ya tafi da karen gida ba. Sannan benen da zai kai shi irin wurin da aka fito da shi ne, bayan wata uku zai mayar da shi a halin da ya fi na da muni. In yana son ladan, ya taimaka wa gidan da kuɗin abinci ko na magani, ko ya nemo wa karen manomi mai tumaki. Da a ce ya tsinci kare ne a hanya, yunwa ko rauni na neman kashe shi, to ya ɗauke shi ya ciyar da shi, ya ajiye shi iya kwanakin da zai samo masa inda ya dace, wannan babu laifi.

Allah ne mafi sani.