Gaskiya da samuwa abu ɗaya ne?

Ɗan'uwa kana tambaya ko duk abin da yake gaskiya dole akwai shi. A ganina ba ɗaya suke ba amma suna haɗe. Aristotal, masanin falsafa na tsohuwar Girka, cewa ya yi gaskiya ita ce ka ce akwai abin da yake akwai, ka ce babu abin da babu, kenan gaskiya siffar magana ce. Ka leƙa randa ka ce babu ruwa, ka faɗi gaskiya alhali ruwan babu shi, busasshiyar randar ce ta gaskata ka.

Inda ake zamewa shi ne ɗaukar duk abin da hankali ya suranta akwai shi. Ibn Sina, masanin falsafa Musulmi da ya rasu a 1037, ya raba su, sanin mene ne abu daban, samuwarsa daban. In maganar ta kai ga sunan Allah Al-Haƙƙu, ka zauna da malamin tauhidi.