Tambaya da Amsa: Shirin da Inji Ke Buƙata Kafin a Auna Matsin Silinda

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da mota ƙirar Toyota Corolla mai silinda huɗu, wadda nake zirga-zirga da ita tsakanin Samaru da Sabon Gari. Kwanan nan ta fara misin, tana karkarwa idan tana silo, kuma na'urar bincike ta nuna lambar P0303. An sauya filogi da koyil, amma matsalar tana nan. Yanzu bakanike ya ce sai an auna matsin silinda kafin a yanke shawarar buɗe inji. Wane shiri ya kamata a yi wa motar domin sakamakon ya zama abin dogaro?
Mai karatu daga Samaru, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Bakanikenka yana kan hanya, domin P0303 tana nufin silinda ta uku ce ba ta ƙona mai yadda ya kamata, kuma tunda an wanke filogi da koyil daga zargi, hankali zai koma kan nozil, wato abin da ke fesa fetur ga silinda, ko kan matsin silindar kanta, wato ƙarfin da take matse iska da shi. Abin da nake jiye maka shi ne gwajin gaggawa, domin shi ne yakan sa a buɗe lafiyayyen inji a banza.

A fara da batir. Cikakken batir yana nuna kimanin bolt 12.6 idan mota tana kashe, kuma idan ya yi sanyi kik ba zai juya inji da ƙarfi ba, sai geji, wato ma'aunin matsi, ya nuna matsi ƙasa da gaskiyarsa, musamman a silindar da aka auna daga ƙarshe. Daga nan a tayar da motar ta yi zafinta na aiki, saboda fistin da ringi suna buɗewa da zafi su toshe ƙofofin da iska ke sulalewa. Tana cikin aiki sai a zare fiyus ɗin famfon mai, a bar ta ta mutu da kanta, sannan a cire soket ɗin koyil duka. Wannan mataki ba na wasa ba ne: fetur ɗin da ya zuba cikin silinda ba tare da wuta ba yana wanke baƙin man da ke jikin bangonta, ya rage matsi, ga kuma haɗarin gobara idan tartsatsi ya same shi.

Kada a kwance filogi nan take. Kan injin Corolla na alminiyam ne, kuma murɗa filogi da ƙarfi yana tsananin zafi yakan cinye zaren ramin, don haka a dakata ya ɗan huce, amma kada ya yi sanyi. Kafin a kwance, a busa iska a ramukan, domin duk wanda ya san ƙurar Zariya a lokacin hunturu ya san abin da ke taruwa a wurin, kuma yashin da ya faɗa cikin silinda ɓarna ce sabuwa. A cire filogi huɗun gaba ɗaya, ba na uku kaɗai ba, a jera su bisa tsarin da suka fito.

Idan an ɗaura geji, a tabbatar mota ba ta cikin giya kuma an ja birkin hannu, a take totur har ƙasa domin iska ta shiga sosai, a buga kik har allura ta daina hawa. Kowace silinda a yi mata daidai yadda aka yi wa 'yar'uwarta, a rubuta lambar da geji ya nuna mata a gabanka.

Ni a ganina bambancin da ke tsakanin silindojin ya fi lambar kanta muhimmanci, kuma ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada ya wuce kashi 10 cikin 100. Idan ta uku ta faɗi, a zuba mata baƙin mai kamar ƙaramin cokali ɗaya a sake aunawa. Matsin da ya tashi bayan haka yana nuna ringi ne suka cinye, wanda bai motsa ba kuwa yana nuni ga bawul ko gasket. Idan silinda biyu maƙwabta suka faɗi tare, gasket ake fara zargi. Idan kuwa huɗun sun zo kusa da juna, kada ka yarda a buɗe injin, a koma a binciki nozil na uku da wayoyinsa.