Babur ɗina ba ya ja a rairayi: me zan canza masa da ɗan kuɗi kaɗan?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomi ne a wani ƙauye na yankin Gumel a jihar Jigawa. Ina da babur Boxer 100 da ya kai shekara 3 a hannuna, da shi nake kai gero da riɗi kasuwar Maigatari. Hanyarmu rairayi ce, da na ɗora buhu sai ya riƙa nishi, wani wurin sai na sauka na tura. Abokai sun cika ni da shawara. Wani ya ce in fasa salansa in cire abin da ke ciki, wani ya ce in yar da soson iyakilina, wani ya ce in sa babban jet (ƴar ƙofar da fetur ke bi) a kafireta, akwai ma wanda ya ce in nemi CDI (akwatin da ke ba fulogi wuta) na tsere. Kuɗin sabon babur ba ni da shi. Wanne zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a noma. Cikin shawarwari huɗun nan babu wadda zan ce ka ɗauka, biyu daga ciki ma injin za su kashe maka. Akwai dai abin da za ka yi, kuma bai kai tsadar da kake tsoro ba.

Ka fara sanin abin da ke hannunka. Injin ka bai wuce cc 100 ba, kuma ranar da ya fito daga kwali ƙarfinsa kusan doki 8 ne. Baburin kansa ya haura kilo 100, ka hau, ka ɗora buhun gero mai kusan kilo 100. Dokin nan 8 su ne za su ja wajen kilo 280 a cikin rairayi. Bayan shekara 3 ana shan ƙura, da wuya a ce duka 8 ɗin suna isa tayar baya. Saboda haka ƙarfi mafi arha da za ka samu shi ne wanda ya riga ya zube a hanya, a kwaso shi a mayar.

Iyakilina ce farko. Kowace lita ɗaya ta fetur tana bukatar iska wajen lita 9,000 kafin ta ƙone yadda ya kamata, kuma duk iskar nan ta cikin ɗan soson nan take bi. In ya toshe, iska ta ragu, fetur ya yi yawa, sai ka ga fulogi ya yi baƙi, mai yana ƙarewa da wuri, babur kuma ba ya amsa totur. Abokinka da ya ce a cire soson ya lura da gaskiya, sai dai maganin nasa ya fi cutar muni. Ƙurar hunturu da rairayin yankinku in suka shiga silinda kai-tsaye, suka haɗu da baƙin mai, ringi da fistin za su riƙa ci, kafin damina ta zagayo kana hayaƙi. Abin yi shi ne a wanke soson da kananzir, a matse shi ba tare da an murɗe ba, ya bushe, a ɗiga masa baƙin mai mai tsabta a sake matsewa. Man nan shi ke kama ƙura, soso busasshe rabin aiki yake yi. In irin na takarda ne ba a wanke shi, canzawa ake yi. Ka duba kuma robar da ta haɗa iyakilina da kafireta, domin in ta tsage duk wankin banza ne.

Sai kuloci, wanda shi na fi zargi a baburan da ke ɗaukar kaya a rairayi. Gwajinsa ba ya bukatar sifana. Ka hau kwalta, ka sa giyar ƙarshe kana tafiya a hankali, sai ka murɗa totur gaba ɗaya. In ƙarar injin ta tashi sama amma gudu bai ƙaru daidai da ita ba, kuloci yana zamewa, ƙarfin yana ƙonewa a ciki kafin ya kai sarƙa. Wani lokaci wayar kuloci ce kawai aka ɗaure da yawa, a sassauta ta yadda hannun zai ɗan yi wasa kafin ya kama. In faifan ne suka cinye, a canza su tare da sifirin ɗinsu. A nan baƙin mai yana da hannu, saboda kulocin irin wannan babur a cikin mai yake wanka. Wasu man mota suna da sinadarin rage gogayya da ke sa shi zamewa. Ka nemi man babur mai kaurin 20W-50 wanda aka rubuta JASO MA a jikin robarsa, a rufe, daga hannun da ka yarda da shi. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi, ni ba na zuba shi ko a babur ɗin maƙiyina.

Bawul kuwa, wato ƙofofin da ke shigar da iska da fetur cikin silinda su kuma fitar da hayaƙi, yawancin masu babur ba su taɓa sa an auna musu ba. Akwai ɗan rata da ake bari a kan kowane bawul, a irin waɗannan injuna yakan kasance tsakanin milimita 0.05 zuwa 0.10 lokacin da injin ya huce, ainihin adadin yana cikin littafin babur ɗin. In ratar ta rufe, bawul ba ya zama daram, matsi yana tsiyaya, babur ya riƙa wuyar tashi in ya yi zafi. In ta yi yawa za ka ji kas-kas-kas daga saman injin. Ka nemi bakanike mai ma'aunin nan na siraran ganyen ƙarfe. Wanda ya ce da kunne yake saitawa, ka yi masa godiya ka ƙara gaba, kunne ba ya jin bambancin kashi biyar cikin ɗari na milimita.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma in sun taru suna cin doki guda. Fulogi sabo mai rata kamar milimita 0.7. Sarƙa ta riƙa wasan santimita 2 zuwa 3 a tsakiya, kuma kada ka cika mata mai har rairayi ya manne. Ka ɗaga babur a tsayuwar tsakiya ka juya tayoyin da hannu, in birki yana gogawa ko boris ya mutu za ka ji. Fetur ɗin 'yan bumburutu kuma, in aka haɗa shi da kananzir, injin zai riƙa ƙwanƙwasa yana zafi.

To, bayan an gama wannan sai canji na gaske, wato sifiroket, ƙarafan nan biyu masu haƙora da sarƙa ke hawa. Abin da kake nema a rairayi ba gudu ba ne, ƙarfin murɗa taya ne a ƙaramin gudu, kuma wannan ana sayensa da haƙori. Ka ƙirga naka. Mu ɗauka na gaba yana da haƙori 14, na baya 42. Kenan na gaba zai juya sau 3 kafin taya ta juya sau ɗaya. In ka mayar da na gaba 13, lissafin ya koma 3.23, ƙarfin da ke murɗa taya ya ƙaru da kusan kashi 8 cikin ɗari a kowace giya. In kuma ka bar na gaba ka sa na baya mai haƙori 45, ya zama 3.21, kusan abu ɗaya. Babu wani kayan da za ka saya da irin wannan kuɗin ya ba ka kashi 7 ko 8, kuma ka ji shi tun daga tashin farko.

Amma fa ba kyauta ba ne, kuma gara ka sani tun yanzu. Injin bai ƙara doki ko ɗaya ba, musanya aka yi. Baburin da ke kaiwa kilomita 80 a awa zai tsaya wajen 74, kuma a kan kwalta zai riƙa kuka fiye da da, ya ɗan ƙara shan mai. Ga ɗan acaɓan cikin gari wannan asara ce. Gare ka riba ce, tunda wurin da kake sauka ka tura da giya ɗaya, yanzu ka iya wuce shi a zaune, kuma ba sai ka riƙa jan rabin kuloci kana ƙona faifai ba.

Cikin hanyoyi biyun na fi son ƙara na baya. Ƙaramin sifiroket na gaba yana lanƙwasa sarƙa sosai, tana saurin miƙewa. Na baya babba ya fi mata sauƙi, sai dai mai yiwuwa a ƙara gaɓa biyu a sarƙar, kuma a duba ko murfin sarƙa zai rufu. Ka tabbata lambar ta zo ɗaya, yawancin waɗannan babura 428 suke amfani da ita. In tsohuwar sarƙar ta miƙe, ka canza ukun gaba ɗaya, domin tsohuwar sarƙa tana cinye sabon haƙori cikin 'yan makonni. Kada kuma daɗi ya ɗebe ka ka rage na gaba ka ƙara na baya lokaci guda. Ka gwada mataki ɗaya na kasuwa biyu ko uku tukuna.

Taya ma tana cikin lissafin, ko da yake mutane ba sa ɗaukar ta a matsayin ƙarfi. Tayar da aka bankawa iska tsayawa take kan ɗan siririn wuri tana nutsewa, injin yana ta haƙa rami. In ka rage iskar zuwa wajen 20 a ma'aunin mai faci, sai ta baje ta hau saman rairayi. Da buhu a baya kada ka sauka ƙasa da haka, tif zai tsinke daga wuyan bawul ko bakin rim ya cije shi, kuma in za ka yi doguwar tafiya a kwalta ka mayar da iskar. Taya mai manyan ƙuraje a baya tana taimakawa. Amma ka guji wadda ta fi ta asali tsayi, saboda doguwar taya tana cinye ribar da ka samu a sifiroket.

Yanzu mu koma kan shawarwarin abokai. Salansar da aka fashe tana ƙara ƙara, kunne kuma yana yaudarar mai shi ya ɗauka ƙarfi ne. Ba girin-girin ba, ta yi mai. An auna tsawon bututun da ɗakunan da ke cikinsa ne don su taimaka wajen fitar da hayaƙi a daidai juyin da ake aiki da shi kullum. In aka huda, abin da aka fi rasawa shi ne jan ƙasa-ƙasa, wato ainihin abin da ka zo nema. Ƙari a kan haka haɗin yakan koma iska da yawa fetur kaɗan, injin ya yi zafi, bawul na fitar hayaƙi ya ƙone.

Babban jet shi kaɗai ba ya ƙara komai. Injin yana son iska wajen kashi 13 zuwa 15 ga kowane kashi ɗaya na fetur a nauyi, in ka ƙara fetur ba ka ƙara iska ba, kuɗinka kake ƙonawa ka fitar da baƙin hayaƙi. Fulogi ne alƙali: ruwan ƙasa-ƙasa daidai ne, baƙi mai toka fetur ya yi yawa, fari fat kuma haɗari ne, fistin na iya hujewa. Waɗanda ke da dalilin taɓa jet su ne mutanen tudu, kamar Jos mai tsayin kusan mita 1,200 ko tsaunin Mambila da ya fi haka, inda iska ta yi sirara, injin yana rasa wajen kashi 3 cikin ɗari a kowace mita 300, su ma ƙaramin jet suke bukata ba babba ba. Kai da ke shimfiɗar Gumel, a wanke kafireta a bar maka jet ɗin kamfani. CDI na tsere kuwa, mafi yawansu barin injin kawai suke yi ya juya fiye da iyakarsa. Mai buhun gero a rairayi ba ya zuwa kusa da wannan iyakar.

Za a kuma ce maka a faɗaɗa silinda a sa babban fistin. In kik ya yi laushi, kana ganin shuɗin hayaƙi, baƙin mai yana raguwa, to aikin ya wajaba, kuma za ka ji babur ya farfaɗo. Amma matsin da ya ɓace ne ya dawo, ba girman ba. A injin mai faɗin silinda milimita 53 da tafiyar fistin milimita 45, ƙarin rabin milimita yana kai shi daga cc 99 zuwa 101 ne kawai. Kada ka bari a buɗe lafiyayyen injin saboda cc 2. In an yi aikin, ka lallaɓa shi kilomita 500 na farko ba tare da kaya mai nauyi ba.

Zafi ne zai zama abokin gabarka bayan duk wannan. Iska ce ke sanyaya injin nan, a rairayi kuma injin yana juyi da yawa babur yana tafiya kaɗan. Ka kankare laka da maiƙo daga haƙarƙarin silinda, ka shiga rairayi da giya biyu da ɗan gudu maimakon ka shiga da giya uku injin yana shaƙewa, kuma a watan Afrilu da Mayu ka fita da sassafe, iska mai sanyi ta fi nauyi kuma injin ya fi ja da ita. Buhun ma ka matso da shi gaba kusa da bayanka, kada ya rataye a ƙarshen kariya yana ɗage tayar gaba.

In ka yi duk wannan buhu ɗaya zai wuce lafiya. Buhu biyu kuwa ya fi ƙarfin cc 100 ko me aka saka masa, kuma birkin da sifok ɗin ba a yi su don wannan nauyin ba. In kayan da kake kaiwa Maigatari sun kai haka a kowane mako, ka gyara wannan ya yi kyau, bayan girbi ka sayar ka cika kuɗi ka ɗauki Boxer 150 ko da na hannu ne. Injinsa cc 145 ne, ƙarfinsa kusan doki 12, wato ƙarin rabin abin da kake da shi yanzu, kuma shi ma in ya zo hannunka ka ƙirga haƙoransa kafin ka fara ɗora masa kaya.