'Yata ta kawo takardar tafiya Washington kyauta daga kamfanin wuta, gaskiya ne ko damfara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna zaune a wani ƙaramin gari a jihar Jojiya ta Amurka, maigidana yana aiki a asibitin garin. 'Yata saura shekara ɗaya ta gama sakandare, ta zo min da takarda daga makaranta wai kamfanin wutarmu zai kai yara Washington sati ɗaya kyauta, jirgi da otal da abinci duka. Ni dai ban taɓa ganin kamfanin wuta ya yi wa mutum kyauta ba. Meye gaskiyar abin? Kuma ɗan ƙanwata da ke Kano zai iya nema?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Gaskiya ne, ba damfara ba ce, kuma abin ya girmi ni da ke ma. Ɗauko bil ɗin wutarku ki duba sunan da ke sama, in kin ga EMC a ƙarshensa toh ba kamfani irin wanda kika sani ba ne, ƙungiyar haɗin gwiwa ce ta masu shan wutar, ma'ana ranar da maigidanki ya sa mita da sunansa ya zama mamba, yana da ƙuri'a a zaɓen shugabanninta. Irinsu 41 ne a Jojiya kaɗai, a faɗin Amurka kuwa wajen 900 ne, suna ba mutum kusan miliyan 42 wuta.

Asalinsu daga talaucin ƙauye ne. A tsakiyar shekarun 1930 gidan gona ɗaya cikin goma ne ke da lantarki a Amurka, don kamfanoni sun ce jan waya mil da mil saboda gida biyu uku asara ce. Shugaba Franklin Roosevelt ya kafa hukumar kai wuta karkara a 1935, majalisa ta yi doka a 1936, gwamnati ta riƙa ba manoma rance su haɗa kai su kafa turaku da kansu. Kuma jiharku na cikin labarin sosai, don shi Roosevelt da bakinsa ya faɗa a garin Barnesville a 1938 cewa bil ɗin wutar gidansa na Warm Springs, nan cikin Jojiya, ne ya fara jawo hankalinsa, yana biyan kusan ninki huɗu na abin da yake biya a gidansu na Hyde Park a jihar New York.

Ita tafiyar kuma daga Lyndon Johnson ta samo, tun yana sanata, kafin ya zama shugaban Amurka. A 1957 ya yi jawabi a taron ƙungiyar tarayyarsu NRECA a Chicago, ya ce a riƙa tura yaran karkara babban birni su gani da idonsu. Iowa ta tura yara 34 a 1958, a 1964 NRECA ta haɗa abin wuri ɗaya da yara wajen 400 daga jihohi 12. Yanzu duk watan Yuni ake yi, yara sun haura 1,500, korona ce kawai ta tsayar da shi a 2020 da 2021. Ana kai su ginin majalisa su zauna da wakilan jiharsu su yi musu tambayoyi, da maƙabartar sojoji ta Arlington, da gidajen tarihi na Smithsonian, da Mount Vernon gidan George Washington. Kowace jiha kuma tana fidda yaro ɗaya ya shiga majalisar matasa ta NRECA, wannan shi ne babban rabo don har babban taronsu na shekara yake zuwa.

Toh kuɗin daga ina? Daga aljihunku Hajiya. Ƙungiyar ba ta da masu hannun jari da ke jiran riba, rarar da ta rage bayan an biya komai ana rubuta wa kowane mamba kasonsa gwargwadon wutar da ya sha, bayan shekaru a mayar masa. Wasu sun tashi, wasu sun rasu, cek ya dawo ba mai karɓa, a jihohi da dama har da taku doka ta yarda a zuba irin wannan kuɗin a ilimi. Akwai kuma wanda ake cike wa mutum canjin bil ɗinsa ya zama dala cif in ya yarda, 'yan sulallan nan su taru a yi hidimar gari, wata ƙungiya a South Carolina ce ta fara a 1989. Ita tafiyar ma yawanci daga kasafin ƙungiyar take fita. Kuma kar ki ɗauka duk don Allah ne, suna so 'yan majalisa su ga fuskokin yaran mazaɓarsu su tuna da wutar karkara, suna kuma so gobe su samu ma'aikata da shugabanni daga cikin yaran nan. Ni ban ga laifin hakan ba, kowa ya amfana.

Shawarata ki bar ta ta nema, kuma da wuri, don yawanci tsakanin ƙarshen shekara da Janairu ko Fabrairu ake rufewa duk da sai Yuni za a tafi. Kowace ƙungiya da tsarinta, wata rubutu take so, wata jarrabawa kan tarihin ƙungiyar, wata ɗan bidiyo, sannan intabiyu. Yara kaɗan kowacce ke ɗauka, biyu uku haka, amma a ƙananan garuruwa masu neman ma ba su da yawa, yara na ganin takardar su wurgar. Ta karanta ƙa'idoji bakwai na ƙungiyoyin haɗin gwiwa, suna son tambayarsu sosai, kuma ta yi maganar garin da take zaune da abin da take yi a cikinsa, ba sai ta ƙaƙalo turancin burgewa ba.

Nasan abin da ke ranki, 'ya mace sati guda a otal. Akwai manya masu rakiya maza da mata, ɗakunan mata daban, da lokacin da kowa zai shiga ɗaki. Ki kira mai kula da shirin a ofishin EMC ɗinku, da lambar da ke jikin bil ba wadda wani ya turo ba, ki faɗa masa maganar abinci da sallah da hijabi tun kafin a tafi, ba ranar tashi ba. Ki tambaye shi tallafin karatu ma tunda kin kira, a Jojiya akwai na Walter Harrison ga masu shiga jami'a ko kwalejin sana'a, kuma ƙungiyoyi da yawa na da nasu daban, har da na masu son koyon aikin hawa turke.

Ɗan ƙanwarki kam ba zai samu ba. Sharaɗin shi ne yaro yana zaune a gidan mamba, ko a wasu wuraren yana makaranta a yankin ƙungiyar, ko maƙwabcinku da ke shan wutar kamfanin Georgia Power, wanda ba EMC ba ne, ma sai ya duba ƙa'idar tukunna. Ba biza a ciki, ba kuɗin fom, don haka duk wanda ya turo musu a WhatsApp ya ce a biya za a sa sunan yaro daga Kano, su goge saƙon kawai.